Burkutun da Gidan Waya Ya Ƙi Karɓa

Matar da ke bayan gilashi a gidan wayar unguwarmu ta Tremont, a birnin New York, ta ɗora kwalina a kan sikeli, ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ko akwai abu mai ruwa a ciki. Safiyar Asabar ce a tsakiyar Yuli, zafi ya ishi kowa, layi kuma ya kai bakin ƙofa. Da na ce mata babu, da shi ke nan, ta buga hatimi in kama gabana. Amma ni a lokacin na gaji da yin ƙarya a kan giya, shekara talatin ina yi. Na ce mata akwai, giya ce, gora uku, kuma da hannuna na dafa ta.

Ta turo mini kwalin a hankali ta ce doka ta hana a aika giya ta gidan waya. Na ce ikon Allah! A garin da ake sayar da giya a kowace kwana, har a shagon da yara ke sayen alawa, tawa ce kaɗai ba za ta hau mota ba? Ta ce ta yi haƙuri da ni, amma ba ita ta kafa dokar ba, ta kira na bayana. Gaskiyarta ce. Na mayar da kwalin cikin keken cefanena, na ja shi waje ina ƙunƙuni.

Bari in koma baya kaɗan, don a san yadda aka yi mace kamata, mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu, ta tsaya a layi da burkutu a kwali.

Ni nas ce a wani asibiti a Bronx, na haura shekara ashirin a wurin. Akwai wata abokiyar aikina Baturiya, ta girme ni da 'yan shekaru, siririya, ba ta da aikin yi ranar hutu sai shiga daji da jaka a baya. Ta daɗe tana jana in bi ta, ni kuwa dariya nake mata. Na ce haba baiwar Allah, ni da na ƙare ƙuruciyata ina taka ƙasa zuwa rafi da makaranta don babu mota, yanzu da Allah ya ba ni mota sai in sayi takalmi mai tsada in koma tafiyar ƙasa? Sai da mahaifiyata ta rasu, na je gida na dawo, ɗaki ya yi mini ƙunci, sannan na ce mata mu je. Muka fara da kwana ɗaya, mu hau jirgin ƙasa mu yi arewa da gari, mu sauka inda hanyar daji ta ratsa. Daga baya kwana biyu, kwana uku. A shekara ta uku muka shirya tafiyar kwana tara.

Hanyar doguwa ce ƙwarai, tana bin kan duwatsu daga kudancin ƙasar har arewa, an shafa farin fenti a jikin itatuwa don kada mutum ya ɓata. Masu bin ta suna da wata dabara. Ba mai iya goya abincin mako biyu a baya, saboda haka sai su cika kwalaye da busasshen abinci, su aika gidan wayar ƙananan garuruwan da ke kusa da hanya, a ajiye musu har su iso. Nauyi kuwa abokin gabarsu ne. Abokiyar tawa har hannun buroshin haƙorinta take yankewa wai don ya rage nauyi. Amma duk da wannan tsantseni, kullum akwai gwangwanin giya ɗaya a ƙasan jakarta, ba ta taɓa shi sai an kai ƙarshen tafiya. Ranar da na fara ganin ta zauna a kan dutse ta fasa shi, gabana ya faɗi, don na san wannan abin tun kafin in san karatu.

Mahaifiyata, Inna, mai dafa burkutu ce. A ƙauyenmu, can gindin duwatsun kudancin Bauchi, idan mutum ya kira gayyar noma, wurinta ake zuwa tun mako guda kafin ranar. Ranar gayya ita da kanta take ɗaukar tulun a ka, ta ratsa gonar tun daga farko har ƙarshe, ta sauke shi a gindin ɗorawa inda kunyoyi suka ƙare. Maza su jera da garma suna noma suna tunkarar tulun. Ba mai ɗanɗanawa sai an kai ƙarshen kunya. In an kai, ƙoƙon farko ba na kowa ba ne, Inna za ta zuba shi a ƙasa don waɗanda suka nome gonar kafin a haife mu. Sannan a zauna a sha. Cikin masu shan nan har da dattawan coci, na gan su da idona, suna lashe gashin baki suna cewa a ƙara.

Ranar Lahadi kuma su wuce Inna a bencin baya kamar ba su taɓa ganin ta ba. A cocinmu wanda aka sa a horo, wato aka dakatar da shi saboda laifi, bencin baya ne wurinsa, ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya shiga ƙungiya. Inna ta zauna a bencin nan tun ina goye har na yi aure. An ce mata ta fasa tukwanen a mayar da ita gaba. Ta ce in ta fasa su, wa zai ciyar da mu biyar, tunda babanmu ya rasu? Ba ta fasa ba, kuma ba ta taɓa fashin sujada ba. Tukwanen nan su suka kai ni makarantar koyon aikin jinya.

Ga abin da ke ci mini rai. Da ta rasu, matan zumuntar ƙauye sun zo jana'iza da kayan gida. Ba su ɗaura zanin zumunta ba, ba su kawo tulun kiɗa ba, ba su yi mata waƙar rakiya ko baiti ɗaya ba, wai don ta mutu cikin horo. Ni kuwa da na raka iyayen mutane da waƙa ba adadi a wannan birni, na tsaya a bakin kabarin uwata bakina a rufe. Na dawo New York, aka ce in tashi a coci in faɗi wani abu game da ita. Na tashi na ce 'yar kasuwa ce, mai sayar da hatsi. Aka ce Allah sarki, aka tafa mini. Na ji kunyar uwata a gaban mutane, kuma na tsani kaina saboda haka.

To, da muka tsayar da ranar tafiyar kwana tara, sai na ce ni ma zan aika tuluna ƙarshen kunya. Ba gwangwanin kanti ba, irin ta Inna.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Harlem, titi na ɗari da sha shida, shagon wani mutumin Nijar da ke kawo hatsin gida. Na ce ya auna mini jar dawa. Ya ce, "Hajiya, kunu za a dama?" Na ce masa, "Kusan haka." Na jiƙa dawar kwana biyu, na baza ta a bahon wanka a kan tsohon zanin gado, na rufe da jiƙaƙƙen tawul, ina yayyafa mata ruwa safe da yamma har ta yi tsiro. 'Yata, wadda ke jin Hausa sarai amma ba ta amsawa sai da Turanci, ta tsaya a ƙofar banɗaki ta ce yanzu a ina za ta yi wanka, kuma me ya sa gidanmu ba zai zama kamar gidan kowa ba. Na ce mata ta je wurin motsa jikin da take zuwa, akwai ruwa a can. Na shanya tsiron a bakin taga, na niƙa, na dafa a tukunyar da muke shinkafar biki, na bar shi ya yi tsami, na sake dafawa. Hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Warin da ya cika kicin ɗin ya sa na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a bakin kabari ba.

Abu ɗaya na rasa. Inna takan zuba ragowar tsohuwar giya a cikin sabuwa don ta tashi, ni kuwa ba ni da tsohuwa. Na je kanti na sayo yis ɗin burodi na zuba, har da ƙari don kada ta ƙi. Kafin gari ya waye tana tafasa ba wuta, kumfa har bakin tukunya.

Sai na yi wautar da ko yarinyar da ta kwana ɗaya a gidan giya ba za ta yi ba. Inna ba ta taɓa toshe bakin tulu ba, ganye take ɗorawa a kai. Takan ce mana giya mai rai ce, tana numfashi. Na san wannan. Amma na san kuma burkutu ba ya jimawa, kwana uku ya fara komawa tsami, ni kuma kwana tara nake so ya jira ni. Sai na ce ai na Turawa a rufe yake shi ya sa yake shekara. Na ɗura a goran lemo na roba guda uku, na murɗe murafen iya ƙarfina, na naɗe da selotef, na jera a kwali tsakanin garin rogo da ƙuli-ƙuli. Na tsaya ina kallon aikina ina jin ni ce mai wayon duniya.

Wannan shi ne kwalin da gidan waya ya ƙi. Da na fito na duba agogo, lokacin koyon waƙar zumunta ya yi, kuma ni ce mai bayarwa, in ban je ba ba a farawa. Ba lokacin komawa gida. Na ja kekena cikin rana, tafiya mai ɗan nisa, kwalin yana tsalle a kan kowane ramin titi, har cocinmu. A ɗakin ƙasa muke koyon waƙa, ba taga, fanka ɗaya ce kuma ta gaji. Na tura keken lungu kusa da teburin da ake ajiye littattafan waƙa da sababbin zannuwan da za a raba wa masu shiga ƙungiya.

Muna kusan ashirin a ranar. Uwar zumunta, shugabarmu, dattijuwa mai kaifin ido da ba ta wasa da doka, ita ke riƙe da tulun kiɗa. Na ba da waƙa suka amsa, na sake bayarwa, kiɗa ya fara daɗi, mata sun fara rausaya. Sai muka ji ƙara, tau! Wasu suka kwanta a ƙasa, don a Bronx in ka ji irin wannan ba ka tsayawa tambaya. Kafin mu ɗago, gora na biyu ya fashe. Kwalin ya yage, jan kumfa ya yi sama har silin, ya sauko a kan littattafai da zannuwa da ɗankwalayen mutane.

Sannan warin ya tashi. Kai! Ban taɓa ganin shiru irin na ranar ba. Duk matar da ke ɗakin nan daga Filato take, ko kudancin Kaduna, ko Bauchi, ko Adamawa, kuma babu hancin da bai gane abin nan take ba. Amma kowa ta tsuke fuska tana waige-waige kamar baƙon wari ne daga wata duniya. Wata har ta ce, "Wannan wane irin kunu ne?" Abin ya ba ni haushi fiye da yadda ya ba ni kunya. Na ce, "Ba kunu ba ne, kin fi kowa sani. Burkutu ne, nawa ne. Uwata mai dafa shi ce, a wurinta na koya."

Ni na goge ɗakin, da tsumma da bokiti, ba wadda ta kama mini. A cikin tarkacen na tarar gora ɗaya bai fashe ba, ya kumbura ya yi tauri kamar ƙwallo. Na kai shi banɗaki na sassauta murfin kaɗan-kaɗan, yana huci, har ya huce. Na sa shi a jakata na tafi da shi gida.

Washegari bayan sujada aka kira ni ofis. Fasto ne, da dattawa biyu, da uwar zumunta. Faston namu yaro ne a kaina, mutumin kirki, na ga abin ya dame shi. Ya ce, "Mama, kin san dokar ikilisiya. Ba ma dafawa, ba ma sha, balle a shigo da ita gidan Allah."

Na ce, "Baba Fasto, shigo da ita kuskurena ne, na karɓa. Littattafan da suka lalace zan kawo wasu."

Ɗaya dattijon ya gyara zama ya ce ba maganar littattafai ake ba. Ya ce abin da ake so mai sauƙi ne. In tashi a gaban jama'a in ce na tuba daga aikin duhun da na gada daga gida, shi ke nan, a yi mini addu'a in ci gaba da waƙata. In kuwa na ƙi, in ajiye zanin zumunta in koma bencin baya.

Na ce, "Aikin duhu? Baba, da wannan aikin duhun aka yi nas ɗin da ta zauna a kanka lokacin da aka yi maka aikin zuciya."

Fasto ya ɗaga hannu ya ce a yi haƙuri. Ya ce ya ji zan yi tafiya, in je in yi tunani, Lahadin da na dawo sai in ba da amsa. Uwar zumunta kuwa tana ta kallon yatsunta.

Kada wani ya ɗauka abin bai dame ni ba. Zumuntar nan ita ce dangina a wannan gari. Da mijina ya rasu, su suka cika mini gida, suka dafa, suka kwana da ni sati biyu. Ranar da zan mutu a nan, su nake sa ran za su ɗaura zani su raka ni da waƙa. In na koma bencin baya na mutu a can, za a binne ni shiru kamar Inna. Wannan tunanin na saka a jaka tare da tanti da garin rogo, ranar Litinin muka hau jirgi.

Goran da ya tsira kuwa, tunda gidan waya ya ƙi kai shi, na ce ni zan kai shi. Na soke shi a aljihun gefen jaka a tsaye, na bar murfin a sassauce, na ɗaure bakin da ƙyallen tsohon ɗankwali. Abokiyar tafiyata ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta dube ni, ta ce ita ta yanke hannun buroshi ni kuma na ɗauko rijiya. Na ce mata uwata ta ɗauki wanda ya ninka wannan sau goma a ka, ba takalmi, kuma ba wanda ya ɗauke ta hoto.

Baki ne ya faɗa, amma gwiwa ce ta biya. Hanyar ba ta san sauƙi ba, ka hau dutse ka sauka don kawai ka hau wani. Giyar tana ta aikinta a bayana, duk inda muka tsaya hutawa sai in ji tana ɗan huci a gefen kunnena. Ƙudaje da zuma suka ɗauke ni uwar ɗakinsu. Jakata, rigata, har gashin kaina, komai warin gidanmu na ƙauye yake. Masu tafiya da muke haɗuwa da su sukan shaƙa su tambaya mene ne, ni kuma in ce giyar dawa ce, irin ta uwata. Na lura tun daga rana ta biyu na daina rage murya in zan faɗa.

A rana ta huɗu muka sauka wani ƙaramin gari muka karɓi kwalin abincin da abokiyata ta aika, jaka ta ƙara nauyi, gwiwata ta hagu ta kumbura. Ta ce in zubar da rabin goran, rabin ma ai ya isa abin da nake nufi. Na ce Inna ba ta taɓa kai rabin tulu gona ba. Ta girgiza kai, ta ciro tukunyarmu da ɗan murhun gas daga jakata ta mayar cikin tata.

Rana ta shida aka wuni ana ruwa. A ranar ce na gwada. Na bar abokiyata ta yi gaba, ina tafe ni kaɗai cikin laka, na ce bari in ji ko bakina zai iya. Na faɗa da ƙarfi, "Na tuba daga aikin duhun da na gada." Ya fita kuwa, lafiya lau, ba abin da ya maƙale mini. Kalma takwas ce, ko minti ɗaya ba za ta ci ba, kuma zanina ya tsira. Wannan ne ya ba ni tsoro. Ashe zan iya sake sayar da Inna cikin sauƙi kamar yadda na yi a karon farko. Na tsaya a tsakiyar hanya ruwa yana dukana, na yi wa Allah magana yadda ban taɓa yi ba. Na ce kai ka ga matar nan, ka ga hayaƙin da ya cinye mata ido, ka ga bakuna biyar da ta ciyar. In kai ma a bencin baya ka ajiye ta, to ka matsa mini wuri kusa da ita.

Ranar Talata da hantsi, kwana na tara, muka fito kan wani faffaɗan dutse inda tafiyarmu ta ƙare. Ƙasa ta buɗe a gabanmu, daji kore har iya ganin ido. Abokiyata ta zaro gwangwaninta. Ni na kwance ƙyallen, na ciro ɗan ƙoƙon da na taho da shi tun daga gida, na cika shi. Na nemi inda akwai ƙasa a tsagar dutsen na zuba, na ce, "Inna, an kai ƙarshen kunya." Na sake cikawa na kai baki.

Wayyo! Ta koma tsami tsantsa, har haƙorana suka mutu. Da Inna ce ta ɗanɗana, da ta kore ni daga gindin murhu da muciya. Abokiyata ta kurɓa, idonta ya kawo ruwa, ta ce tana da ƙarfi, don ita mace ce mai ladabi. Muka yi dariya har na riƙe ciki. Amma na shanye ƙoƙon nan tas, ban rage ɗigo ba.

Na dawo gida na wanke zanin zumunta na goge shi, na ninke. Ranar Lahadi na sa atamfar gida, na sauka ɗakin ƙasa kafin a fara sujada. Har yanzu akwai ɗan tabo a silin. Uwar zumunta tana nan ita kaɗai tana goge tulun kiɗa. Na miƙa mata zanin da hannu biyu na ce, "Mama, ga amsata."

Ta karɓa, ta warware ta sake ninkewa yadda take so. Ba ta dube ni ba ta ce, a hankali, "Ƙanwata, yis ɗin burodi kika sa, ko?"

Na ce, "I, Mama."

Ta ce, "Shi ya sa. Ba a sa shi, haukata ta yake yi. Ga shi kuma kin toshe mata baki."

Na tsaya ina kallon ta baki buɗe. Na ce, "Mama, a ina kika san wannan?"

Ta ɗauki tulunta ta rungume ta ce lokacin sujada ya yi, ta hau bene.

Na je na zauna a bencin baya. Ban taɓa zama a can ba, ashe daga nan ana ganin ƙeyar kowa. 'Yata, wadda ta saba zama da matasa a gefe, ta taso ta zauna kusa da ni. Bayan wa'azi Fasto ya ce akwai wadda ke da magana ga ikilisiya, ya dube ni da fatan alheri a fuskarsa. Na miƙe a inda nake.

Na ce, "Jama'ar Allah, na ɓata muku ɗaki da littattafai, ku gafarce ni. Akwai kuma zunubi ɗaya da zan furta. Shekara uku da suka wuce na tsaya a gabanku na ce uwata mai sayar da hatsi ce. Ƙarya na yi. Mai dafa burkutu ce, da shi ta raine mu, kuma ba na jin kunyarta. An binne ta ba waƙa, ni ma ina wurin na yi shiru. Wannan shi ne abin da na tuba a kai."

Dattijon nan ya fara miƙewa. Ban jira shi ba, na ɗaga murya na ba da waƙar da muke raka matattunmu da ita. Waƙar bayarwa da amshi ce, mutum ɗaya ba ya yin ta. Na ba da baitin farko, coci ya yi tsit, wurin amshin ya wuce ba kowa a ciki. Matan zumunta suna jere a gaba cikin zaninsu, ba wadda ta juyo. Na amsa wa kaina. Na ba da na biyu, na sake amsa wa kaina, 'yata tana bin bakina da Hausarta ta 'yan koyo. A baiti na uku sai na ji tulu. Bugu ɗaya, mai zurfi, sai na biyu, daidai inda amshi ya kamata ya faɗo. Uwar zumunta tana zaune ƙyam, fuskarta a gaba kamar ba ita ba, hannunta yana aiki. Ba ta buɗe baki ba, sauran matan ma ba su buɗe ba, amma ba ta tsaya ba sai da na kai waƙar ƙarshe.

An sa ni a horon duk da haka. Zanin yana cikin kabad ɗin ɗakin ƙasa har yau, wata ce ke ba da waƙa, kuma gaskiya tana jan baiti fiye da kima. An aiko mini sau biyu cewa ƙofa a buɗe take, kalma takwas ɗin nan ce kawai. Na ce a gaida su. Kowace Lahadi ina riga kowa zuwa, in goge bencin baya da hankicina, in zauna a ƙarshensa ta wajen bango, inda Inna takan zauna a cocin ƙauyenmu.